Seydou Keita a Hannu, a Bango da a Littafi

Duk wanda ya nemi sunan Seydou Keita a intanet, in dai ya tsallake ɗan ƙwallon nan da ya buga wa Barcelona, zai ci karo da hoton wani saurayi cikin farar kwat da tabarau, alƙalami a aljihun ƙirji, ya ɗaga fure ɗaya a hannu. An ɗauke shi a Bamako a ƙarshen shekarun 1950. Hoton ya zagaye duniya, yana cikin littattafai, yana jikin bangon manyan gidajen tarihi, yana cikin wayoyinmu. To amma a tambayi wanda ya gan shi a waya ko a littafi: mene ne girmansa? Ya kai tafin hannu, ko ya kai ƙyauren ɗaki? Ba zai iya faɗa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Hoton yana da girma fiye da ɗaya, kuma kowane girma da labarinsa.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun saba da wata irin duniya wadda kwafi da asali abu ɗaya ne. In ka kwafi fayil daga wannan na'ura zuwa waccan, kowace lamba da ke cikinsa tana nan yadda take, har akwai lissafin da muke yi mu tabbatar ko ɗaya ba ta sauya ba. Shi ya sa in aka ce wani ya yi tafiya takanas don ya ga "asalin" hoton da ke cikin littafin da yake da shi a gida, abin kan yi mana kama da almubazzaranci. Akwai ma manyan masana da suka goyi bayan wannan tunani. Walter Benjamin, a wata shahararriyar maƙala da ya rubuta a tsakiyar shekarun 1930, ya nuna cewa tunda ana iya wanke hoto sau ba adadi daga nagetif guda, neman wanda yake na ainihi a cikinsu ba shi da ma'ana. Labarin Keita ya nuna inda wannan magana ta yi gaskiya da inda ta gaza.

An haifi Keita a Bamako a farkon shekarun 1920, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Ɗan kafinta ne. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal da wata ƙaramar kyamara Kodak Brownie ya ba shi. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, ya yi ta aiki har farkon shekarun 1960, lokacin da sabuwar gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. Galibi da hasken rana yake ɗauka, a tsakar gida. Zanen gadonsa ne ya fara ratayawa a bayan masu zuwa hoto, daga baya ya riƙa sauya ƙyallen bayan 'yan shekaru. Yana ajiye da kwat-kwat, agogo, alƙalami, rediyo da Vespa don wanda yake so ya fito da su, har motarsa Peugeot 203 ta shiga hotuna. Saboda tsadar fim, ɗauka ɗaya yake yi wa mutum.

Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne yadda yake wankewa. Nagetif ɗinsa babba ne, santimita 13 a faɗi, 18 a tsawo. Sai ya kifa shi kai tsaye a kan takardar hoto, ya haska, ya wanke. Babu na'urar ƙara girma a tsakani, don haka hoton da mutum zai karɓa girmansa daidai da na nagetif, kamar rabin takardar da muke sa wa firinta. Irin wannan wanki yana da wata tsabta da ba a samu a hoton da aka buɗa, domin ba a miƙe komai ba, kowane zare na tufafi yana nan a matse. Hoto ne na riƙewa a hannu. Akan sa shi a ambulan a aika wa dangi a ƙauye, ko a kai wa mai firam ya sa masa gilashi a rataya a ɗaki. A bayansa akwai hatimin mai hoto.

Yadda ya fita daga wannan rayuwa ya shiga wata kusan tatsuniya ce. A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a New York mai suna Africa Explores, wanda Susan Vogel ta tsara. A ciki akwai wasu hotuna da aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa na wani mai hoto ne na Bamako da ba a san sunansa ba. Jean Pigozzi, attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, ya gan su, ya tura André Magnin ya nemo mai su. Magnin ya sauka Bamako da fotokwafin hotunan, aka haɗa shi da Malick Sidibé, wanda shi ma mai hoto ne kuma mai gyaran kyamara. Sidibé na gani ya ce aikin Keita ne.

A lura da wannan. Fotokwafi, mafi ƙasƙancin kwafi da ake da shi, ya isa a gane hannun mutum. Tsayuwar da yake sa mutane, yadda yake karkatar da kafaɗa, inda yake ajiye hannu, ƙyallen baya, duk sun tsira daga injin fotokwafi. Nan Benjamin ya ci gari. Akwai wani kaso na hoto da ba ya mutuwa komai yawan kwafi, kuma a wajen Keita kason nan babba ne.

Magnin ya tafi Paris da nagetif 921. A can aka wanke su sabo, wasu santimita 50 a 60, wasu har 120 a 180. In mai karatu ya yi lissafi zai ga na ƙarshen ya ninka na Bamako sau casa'in da 'yan kai a faɗin fili. Aka nuna su a Fondation Cartier a 1994, aka nuna su a gidan Gagosian na New York a 1997, inda aka sayar da su dubban daloli. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Scalo na Zurich ya fitar da babban littafin hotunansa wanda Magnin ya shirya, littafin da ta hanyarsa akasarin duniya ta san Keita.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan muka ce za mu kwatanta hoton littafi da "asali", wanne muke nufi? Hotunan da ke cikin irin wannan littafi ba su fito daga ƙananan da mutanen Bamako suka biya kuɗi suka kai gida ba. Sun fito ne daga nagetif ɗin da aka kai Turai, da irin wankin da aka zaɓa a can bayan shekara arba'in. Wato littafin kwafi ne na wani sabon karatu da aka yi wa aikin. Tsakanin saurayin nan mai fure da idonmu akwai matakai: nagetif, wankin Paris, na'urar da ta kwashi hoton zuwa kwamfuta, farantin maɗaba'a, tawada a kan takarda, sannan in a waya muke gani, wani ya sake ɗauka ya matse ya ɗora. A kowane mataki akwai mutumin da ya yanke shawara, kuma littafi ba ya yawan faɗin ko wane ne.

Bari mu ɗan daɗe a kan abin da maɗaba'a ke yi, domin nan ne asarar da ta fi damunmu take. Takardar hoto ta gargajiya tana da wani siririn shafi a samanta mai ɗauke da ƙwayoyin azurfa. Inda haske ya bugi wurin da yawa azurfar takan yi duhu sosai, inda ya taɓa kaɗan ta yi duhu kaɗan. Daga fari zuwa baƙi babu tsani, gangara ce. Injin buga littafi kuwa bai san ruwan toka ba. Ko ya sa tawada ko bai sa ba. Don ya yaudari ido sai ya farfasa hoton zuwa ɗige-ɗige, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske, layi 150 zuwa 200 a kowane inci a littafi mai kyau. Duk wanda ya taɓa ƙura wa hoton jarida ido ya ga ɗigon nan. Masu buga littattafan hoto na ƙwarai sukan ƙara tawada ta biyu ko ta uku, baƙa da ruwan toka, don su cike giɓin, kuma suna yin abin a yaba. Amma tawada tana da hali guda: in ta sauka a takarda takan ɗan bazu. A wurin haske ba a lura. A wurin duhu, inda ɗigon ya riga ya yi kusa da juna, sai su haɗe su zama baƙi ɗaya.

A hoton dutse ko na gajimare, wurin duhu inuwa ce, in ta toshe ba a yi babbar asara ba. A hoton Keita wurin duhu fuskar mutum ce. Goshi, kumatu, ƙasan ido, tsagar gado, ɗan murmushin da bai gama fitowa ba, dukkansu suna zaune ne a ɓangaren da maɗaba'a ta fi rauni. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa yin fotokwafin katin shaidarsa ya ga farar rigarsa ta fito tas, fuskarsa ta koma dunƙulen gawayi mai ido biyu, ya san abin da muke faɗa. Littafi mai tsada ba ya kai wa nan, amma matsalar iri ɗaya ce, girmanta ne ya bambanta.

Kuma tun kafin a kai ga maɗaba'a, mai wanki yana da zaɓi. Hotunan Keita cike suke da zane a kan zane: atamfa mai furanni a gaban labule mai ganye, bargo mai dara-dara a ƙarƙashin riga mai ɗigo. In aka ƙara kaifin fari da baƙi, zanen nan sai ya yi tsalle ya fito, hoton ya kama ido tun daga ƙofar zaure. Abin da bango mai faɗi ke so ke nan, kuma shi ke sayar da littafi a kanta. Kuɗin da ake biya shi ne laushin fata. Wannan ba zato ba ne kawai. Gab da rasuwarsa a 2001 Keita ya raba gari da Magnin da Pigozzi ya koma wajen wani dillali, Jean-Marc Patras, aka yi ta shari'a a kan nagetif ɗin nan. Sabbin hotunan da Charles Griffin ya wanke a New York sun fito da sauƙin kaifi fiye da na farko, kuma bambancin ya zama abin muhawara har jaridar New York Times ta yi dogon rubutu a kai a 2006. Nagetif na mutum ɗaya, hannu biyu, fuska biyu. Mai littafi ɗaya a gida zai ɗauka abin da yake gani shi ne hoton, alhali ɗaya ne daga cikin yadda za a iya fitar da shi.

Ba Keita kaɗai ba ne. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki hoton fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez a 1941, ya yi ta wanke shi da hannunsa shekaru da dama, kuma sararin samaniyar da ke cikin na baya-bayan ya fi na farkon duhu nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne Adams da kansa ya sauya ra'ayi a ɗakin wankinsa. Na Keita wasu ne suka wanke a wata nahiya.

Sai dai kada mu yi saurin mayar da shi wanda aka zalunta a wannan fuska. Keita ya ga manyan hotunan, ya sa musu hannu, kuma an ruwaito cewa ya yi murna ƙwarai da ganin aikinsa a wannan girma. Yana da hujja. Nagetif mai santimita 13 a 18 yana ɗauke da bayanai fiye da abin da ido zai iya tsinta a ƙaramin hoto. Sai da aka buɗa shi aka ga saƙar zare, aka ga ƙurar da ke kan takalmi, aka ga zoben da ke yatsa. Babban hoton bai ƙirƙiri komai ba, ya tono abin da ke binne ne. Abin da ya sauya shi ne dangantaka. Matar da ta kishingiɗa a kan bargo don mijinta ko 'yan uwanta su riƙe ta a tafin hannu, yanzu ta fi mai kallonta girma, kuma mai kallon baƙo ne da ya sayi tikiti. Ba ta yi wannan kwalliya don shi ba.

Littafi yana tsakiyar waɗannan biyun, kuma laifinsa mafi girma a wurinmu shi ne yana shafe girma gaba ɗaya. Kowane hoto, ƙarami ko babba, sai an daidaita shi da shafi. Ga kuma ramin tsakiyar littafi da kan haɗiye wani sashe in hoto ya haye shafi biyu. Ga farin gefe mai tsabta da ke sa kowane hoto ya zama kamar ba a taɓa riƙe shi ba. A 2016, da aka yi babban baje kolin Keita a Grand Palais na Paris, an haɗa da tsofaffin ƙananan hotunan na Bamako. Wasu sun yi ja-ja saboda shekaru, wasu da tabo, wasu an bi kayan adon da ke jikin matan da launi da hannu. Wato mutanen da aka yi hotunan dominsu ba lallai ne fari da baƙi tsantsa suke so ba. Sun so a ga cewa ɗan kunnen zinariya ne. Wannan labari ne game da ɗanɗanon mutanen Bamako na wancan zamani, kuma nagetif ba ya ɗauke da shi, don haka duk littafin da aka yi daga nagetif ba zai iya ba da shi ba.

Haka nan bayan hoto. Littafi fuska ɗaya yake nunawa. A 1991 mai hoton ne ba shi da suna a New York, aka nemo shi. Waɗanda ke cikin hotunan kuwa, akasarinsu har yau a littattafai shekara kawai ake rubutawa a ƙarƙashinsu, domin Keita bai riƙa rubuta sunayen masu zuwa ba. A gidan da ƙaramin hoton yake rataye ba a bukatar rubutu, kowa ya san kakarsa. Mun san wannan a gidajenmu na Kano, Zariya ko Damagaram, inda hoton tsohon situdiyo ke jingine a saman kabad, da hatimin mai hoto a baya, wani lokaci da kwanan wata da biro. Idan aka yi rasuwa sai wani ya ɗauke shi da waya ta cikin gilashi, da hasken taga a goshin mamacin, ya tura WhatsApp. Manhajar takan rage girman hoton ta matse shi. Tsarin JPEG da ake matsewa da shi yana yanka hoto gida-gida, ɗigo takwas a takwas, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai kula ba, kuma launin toka mataki 256 kawai yake da shi. In an ɗauki hoton allo an sake turawa, a sake zubarwa. Bayan shekara biyu wannan kwafin ne kowa yake da shi, na takardar kuwa damina ta ci shi ko an yar wajen tashi daga gida. Ba wanda ya juya bayansa ya ɗauka.

Abin dariya a nan shi ne, ta fuskar girma da yadda ake riƙewa, waya ta fi littafi da bangon gidan tarihi kusa da abin da Keita ya miƙa wa mutanensa. Abu ne a tafin hannu, ana miƙa wa na kusa, ana aika wa na nesa. Sai dai takarda haske take karɓa ta mayar, allo kuwa shi ke fitar da nasa, don haka baƙin da ke waya da na azurfa ba jinsi ɗaya ba ne, kuma kowace waya da yadda take nuna shi.

Duk da haka ba za mu bi masu cewa in ba ka ga na takarda ba, ba ka ga komai ba. Maganar masu fasfo da biza ce. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, gaskiya, amma wanda bai hango Dala ba bai ma san inda birnin yake ba. Ba don littafin 1997 da irinsa ba, da matasan masu hoto na Legas, Dakar da Yamai ba su san Keita ba, da mu ma ba mu yi wannan rubutu ba. Akwai kuma ayyukan da littafin ne ma asalinsu. The Americans na Robert Frank, wanda ya fito a Faransa a 1958 sannan a Amurka a 1959, hotuna 83 ne da aka jera da niyya, kowane yana amsa na gabansa. Wanda ya ga guda ɗaya a bango, komai kyan wankinsa, ya ga ƙasa da abin da mai littafin ya gani. Keita dai bai ɗauki hotunansa don a jera su ba. Kowanne ciniki ne tsakaninsa da mutum ɗaya, jerin da ke littafi na mai shiryawa ne.

Abin da muke nema daga littafin hoto bai fi ƙarfinsa ba: ya faɗi abin da ya kwafa. Manyan gidajen tarihi sukan rubuta shekara biyu a ƙarƙashin hoto, wadda aka ɗauka da wadda aka wanke, tare da girmansa da santimita. Layi ɗaya ne, amma yana gaya wa mai kallo cewa akwai tazarar shekara arba'in da hannun wani a tsakani. Littattafai da yawa sukan tsaya a shekarar farko, shafukan intanet kuwa ko ita ba su cika sawa ba.

Akwai littafin da ya bi wata hanya, kuma na maƙwabcin Keita ne. Malick Sidibé, wanda ya karɓi kyautar Zakin Zinariya a Venice a 2007, ya yi suna da hotunan bukukuwan matasan Bamako na shekarun 1960 da 1970. Yakan dawo daga biki cikin dare ya wanke hotunan ƙanana, ya manna su a jikin fayil na kwali, ya sa wa kowanne lamba, ya rubuta sunan ƙungiyar da kwanan wata, don samari da 'yan mata su zo su duba su zaɓi wanda za a wanke musu. Shi ma an buɗa hotunansa an rataya a Turai, an yi littattafai masu tsabta. Amma kamfanin Steidl ya fitar da wani mai suna Chemises wanda ya ɗauki fayil-fayil ɗin kansu yadda suke: launin kwalin da ya koɗe, rubutun hannun Sidibé, lambobin, hotuna da yawa a shafi guda, wasu a ɗan karkace. Ɗige-ɗigen tawada ne shi ma, fuskokin da ke ciki ƙanana ne, ba za ka ƙirga zaren riga ba. Sai dai mai buɗa shi ya san girman abin da yake kallo, ya san a kan me aka manna shi, ya kuma san cewa lambar da ke ƙarƙashin kowace fuska an sa ta ne don mai fuskar ya zo ya ce a wanke masa guda biyu.